An Yi Min Barka da Ƙiba, Ashe Ciwo Ne

A ɗakinmu ni ce baƙa. Mu bakwai Inna ta haifa, shida suka ɗebo hasken dangin uwa, ni kaɗai na biyo Baba, baƙa kuma siririya. Ba wanda ya tsane ni a gidan, wannan dole in faɗa. Amma duk baƙuwar da ta shigo, in an gama gaisawa sai ta dube ni ta ce, "Wannan kuma a ina kuka samo ta?" A yi dariya, ni ma in taya su. A islamiyya muciya da zani ake ce min. Ranar sallah in an gama mana kwalliya an jera mu, akwai gwaggonmu da ba ta fasa shafa kan yayata tana cewa farar mace alkyabbar mata. Ina 'yar shekara tara na fara shiga bayi da dutsen goge kaushi, in yi ta dirzar gwiwar hannuna har ta yi ja, a zatona baƙin dauɗa ce da za ta fita.

Duk da haka har na gama sakandare ban san wani mai ba sai basilin da man kaɗanya. Da aka sa min rana ne komai ya juya. Matan gidan ango suka kawo lefe, bayan sun tafi magana ta dawo mana ta bakin maƙwabciya: wai yarinya ba laifi, ga hankali ga kunya, sai dai tana buƙatar gyara sosai. Shi mai auren bai taɓa cewa uffan a kan launina ko ramata ba. Daren nan ina jin Inna tana juyi a kan gado. Da gari ya waye ta karɓo kwasar adashinta, aka kai ni gidan wata mai gyaran jiki da ake ta yaɗa hotunan amarenta a WhatsApp. Saura kwana arba'in biki.

Gyaran jiki na asali, wanda muka koya wajen Shuwa da mutanen Sudan, ba ni da ta cewa a kansa. Dilka tana cire matacciyar fata, halawa tana cire gashi, turare yana kama jiki, kurkur da lalle suna sa fata ta yi sheƙi. Iyakarsu ke nan. Ba sa mayar da baƙa fara, ba sa sa ƙiba a wata guda. Duk wadda ta yi miki alkawarin ɗayan biyun nan, to maganin asibiti za ta ɗura miki, ko ta faɗa ko ta ɓoye.

Gidan ciki da falo ne. Katifu uku a ƙasa, fanka ɗaya, sai ƙusoshi uku a bango daidai kan kowace katifa, inda ake rataye ledar ƙarin ruwa. Kowa Anti yake ce mata. Ta ɗaga hannuna ta juya shi kamar mai taya atamfa, ta ce da Inna, "Hajiya ki kwantar da hankalinki, ranar kamu ke kanki ba za ki gane ta ba." Ta ba ni abu uku. Robar mai guda biyu farare, ba suna ba lambar NAFDAC, an rubuta "rana" da "dare" da maka a murfin, ta ce karas ne da kurkur da madarar akuya. Sai ƙwayoyi ƙulle a leda, ƙanana biyu safe biyu dare, da wata guda ta kwanciya barci, su ne mata ke kira sha-ka-fashe. Na ukun ƙarin ruwa, sau biyu a mako.

Kafin sati biyu na fara tashi tsakar dare ina neman tuwon da ya kwana. Kumatu suka fito, wuya ya cika, fata ta yi wani irin haske mai ɗaukar ido. Ranar kamu gwaggon nan tawa ta rungume ni a gaban mutane tana cewa, "Masha Allah 'yar nan, ashe haka kike!" Shekara ashirin da ɗaya ina jiran kalma irin wannan daga bakinta. Na shiga ɗaki na yi kuka, kukan daɗi. Ina faɗar wannan ne don masu yi wa mata irina kallon marasa hankali su san abin da ake saye a robar nan. Wadda aka yi shekaru ana nuna mata ita ce koma-baya a cikin 'yan'uwanta, in ta ɗanɗani yabo sau ɗaya, da wuya wa'azi ya raba ta da abin da ya jawo mata shi.

Niyyata in an gama biki in ajiye. Man ya ƙare, na yi kwana goma ban shafa ba, sai fuskata ta kama zafi da ƙaiƙayi, ƙuraje suka feso, na yi duhun da ya fi na da. Na koma wajen Anti, ta ce ai ba a tsayawa, fata ta riga ta saba. Kuɗin ya fi ƙarfina, sai muka yi yarjejeniya: in riƙa taya ta haɗi, ta riƙa ba ni nawa kyauta, in kuma sayar wa ƙawayena in ci riba. Shekara biyu da 'yan watanni na yi ina shiga ɗakin bayan nan, don haka abin da zan faɗa da hannuna na dama shi.

A bokitin fenti ake yi. A juye babbar robar man shafawa mai araha, ita ce uwar haɗin. Sai mu zauna da reza muna farke bututun man asibiti, dozin-dozin, muna katse shi tas a ciki. Abin da ke rubuce a jikin bututun shi ne clobetasol, wani lokaci betamethasone, har da irin mai haɗi uku da ake sayarwa don ƙaiƙayi. Dukkansu sitiroyid ne, wato magungunan asibiti masu danne kumburi da ƙaiƙayi, kuma clobetasol yana cikin mafi ƙarfi a duniya. Likitan fata yana rubuta shi ne don ciwo mai tsanani, a ɗan goga a daidai wurin, kada a wuce giram 50 a mako, kada a zarce mako biyu zuwa huɗu, kuma ba a son sa a fuska. Ni daga goshi har tafin ƙafa nake laftawa, safe da dare. Da dare ma Anti ta koya mana a naɗe hannu da ƙafa da leda a sa safa, wai don ya ratsa. Yana ratsawa kuwa, har cikin jini, domin rufe fata da leda yana ninka abin da take zuƙa. Hasken da yake bayarwa na tsukewar ƙananan hanyoyin jini ne da dusashewar launi, a lokaci guda kuma yana cinye kaurin fatar.

Bayansa sai hydroquinone. Aikinsa hana fata yin sinadarin launi, wanda shi ne laimar da Allah ya yi wa baƙar fata don ranar da muke ciki. Dokar NAFDAC ba ta yarda ya wuce kashi 2 cikin 100 a man shafawa ba, Tarayyar Turai ta fitar da shi daga kayan shafa fata tun 2001, Ghana ma ta hana a 2016. Mu da cokalin shayi muke auna shi, in mai saye ta ce tana son "mai sauri" a ƙara cokali. Ba wadda ta san kashi nawa ne a robar da take miƙawa. A ƙarshe a zuba wasu 'yan ƙananan kwalaben kirim na kasuwa marasa bayanin abin da ke ciki. Irinsu ne ake yawan samun zaiba a ciki in an kai ɗakin gwaji, kuma ba a rubuta ta a kwali. Zaiba tana taɓa ƙoda da jijiyoyi, tana kai wa ga ɗan tayi da ruwan nono, tana maƙalewa a tawul da zanin gado, ta shafi miji da yaran da ba su taɓa robar ba. Karas ɗin da ake faɗa kuwa, ɗigon kala ne ruwan lemo da ɗan turare.

Ƙwayoyin ma a nan na ga kwalinsu kafin a ɓare su a zuba a leda. Ta daren cyproheptadine ce mai miligiram 4, maganin ƙaiƙayi da atishawa, tana buɗe ciki ta sa barci. Ƙananan su ne dexamethasone, deksa, shi ma sitiroyid ne, miligiram 0.5 kowace. Daga baya likita ya yi min lissafinsu a bayan katina. Jikin mutum yana da wasu 'yan tsoka biyu a saman ƙoda da ke samar da sinadarin kotisol, mai riƙe bugun jini da suga da ƙarfin jiki. Abin da suke samarwa a yini bai wuce ƙarfin miligiram 0.75 na deksa ba. Ni ina haɗiyar miligiram 2 kullum, fiye da ninki biyu, ban da wanda ke shiga ta fata. Ƙibar da yake sa wa ba irin ta mai hutu ba ce. Ruwa da gishiri yake tarawa, ya kwashe kitse ya jibge a fuska da ciki da doron wuya, ya zaizaye tsokar cinya da mazaunai da damtse. Wato daidai wurin da mace ta sha shi don ya cika, nan yake ramewa.

Ƙarin ruwan glutathione ne, 'yar kwalba mai miligiram 600, a haɗa da bitamin C. Hukumar magunguna ta Filifin, ƙasar da abin ya yi ƙamari, ta sha gargaɗin cewa ba a amince a yi allurarsa don hasken fata ba, kuma yana iya taɓa ƙoda da hanta ko ya jawo saɓulewar fata mai kisa. Wani yaron kemis ne ke zuwa da yamma ya sa mana kanula. Ba awon jini, ba gwajin ƙoda, ba tambayar ko kina da ciki, ba allurar ceto a kusa in jiki ya ƙi maganin. Sirinji ɗaya yake zuƙo wa mu uku da shi. Na taɓa ganin wata amarya ta kama karkarwa ruwa bai kai rabi ba, haƙoranta na haɗuwa, Anti ta lulluɓa mata bargo ta ce magani ne ke aiki. Yanzu na san wannan alama ce ta ƙazanta ta shiga jini ko jiki ya ƙi abin, kuma abin yi shi ne a tsayar da ruwan nan take a nufi asibiti. Kemis na unguwa lasisinsa bai ba shi damar yin allura ko ƙarin ruwa ba, balle mai dilka.

Jiki magayi. Gaɓoɓin yatsuna suka yi baƙi ƙirin a kan farin hannu, har na daina miƙa hannu a taro. Jijiyoyi kore suka bayyana a cinya da ƙirji. Nankarwa ta tsattsaga min hamata da ciki da bayan gwiwa, ba irin siririyar nan ta haihuwa ba, mai faɗin yatsa, ja-ja, fatar wurin kamar ledar da aka ja. Ɗan kuskuren buguwa sai wuri ya tara jini. Makero ya zagaye min mara, in shafa masa haɗin ya lafa kwana biyu ya dawo ya fi da faɗi, domin sitiroyid abinci ne gare shi. Gashi ya tsiro min a haɓa. Al'adata ta rikice. In na tsuguna a bayi sai na dafa bango nake miƙewa. Fuskar kuwa ta yi zagaye kamar faranti, kuma ita ce ake yi min barka a kanta duk gidan sunan da na shiga: "Lallai aure ya karɓe ki."

Da na yi wa Anti ƙorafin mazaunaina sun zube, ta ce akwai allura. Wani ruwa ne mai yauƙi kamar mai, a kwalba marar takarda, har yau ban san ko mene ne ba. Ta yi min a tsaye, a tsakiyar mazaunai. Ma'aikatan jinya a sama ta gefen waje suke yin allura, saboda ta tsakiya babbar jijiyar ƙafa ta bi, in aka soke ta ƙafa na iya shanyewa. Kuma mai ko silikon in ya shiga tsoka jiki ba ya narkar da shi, yana curewa ya yi gudaji, ya gangara inda ba a sa shi ba, in ya faɗa hanyar jini ya toshe huhu. Allah ya tsare ni daga waɗannan, amma ɓangaren hagu ya kumbura ya yi tauri. Ban yi zazzaɓin kirki ba, domin deksa yana danne zazzaɓi yana kuma karya garkuwar jiki, sai ciwon ya yi ta ci ta ciki. Da aka tsaga a wani ƙaramin asibiti, mugunyar da ta fita ta kusa cika kwanon sha. Mako bakwai ana cusa bandeji a ramin ana zarowa kullum. Suka tambaye ni, na ce allurar zazzaɓi ce aka yi min a kemis.

Wata huɗu bayan nan na ga ina da ciki. Tsoro ya kama ni saboda abin da ke cikina, na tattara ƙwayoyin na watsa a masai rana ɗaya. Ina ganin na yi abin kirki. Kwana na uku amai ya fara, ga jiri, ga ciwon ciki, ko kofi ba na iya ɗagawa. Kowa ya ce laulayi ne. Kwana na biyar na faɗi a tsakar gida.

A babban asibiti awon jinina 80 bisa 50 ya nuna. Likitan ya dubi fuskata, ya ɗaga hannun rigata ya ga nankarwar, ya dubi yatsuna. Ya ce, "Malama, wane magani kike sha, kuma yaushe kika daina?" Na ce ba na shan komai. Maigidana na tsaye a kaina, bai san da ƙwayoyin ba, a cikin tukunyar jere nake ɓoye su. Likitan ya roƙe shi ya ɗan ba mu wuri, ya sunkuyo ya ce, "Ba faɗa zan yi miki ba. Amsar nan ita za ta nuna min allurar da zan yi miki yanzu, kuma ba mu da lokaci." Na faɗa masa. Aka yi min allurar wani sitiroyid mai suna hydrocortisone, miligiram 100 ta jijiya, aka jona ruwan gishiri leda bayan leda. Kafin asuba na iya zama.

Bayanin da ya yi min shi ne abin da na fi so kowace mai shan sha-ka-fashe ta riƙe. In mutum ya wuce kamar mako uku yana shan sitiroyid, 'yan tsokar nan na saman ƙoda sai su ga an wadata jiki daga waje, su daina aiki, har su motse. Ranar da aka yanke maganin kwatsam, na waje babu, na ciki babu. Jini ya faɗi, suga ya faɗi, mutum na iya mutuwa. Saboda haka ba a daina shi rana ɗaya. Likita ne zai mayar da ke kan wanda ya fi sauƙi, ya riƙa ragewa kaɗan-kaɗan, yana auna kotisol a jinin da aka ɗiba wajen ƙarfe 8 na safe, har tsokar ta farfaɗo. Nawa ya ɗauki wata goma sha ɗaya. A tsawon lokacin ina yawo da kati a jaka, in zazzaɓi ya kama ni a ƙara min adadin, kuma ko haƙori za a cire min sai na sanar.

Cikin bai zauna ba, a mako na tara ya fita. Likitoci ba su ce maganin ne ya fitar da shi ba, ni ma ba zan ɗora wa kaina abin da Allah kaɗai ya sani ba. Amma na daɗe ina kwana da tambayar.

An auna min suga ban karya ba aka samu 11, alhali daga 7 ake kiran sa ciwon suga. An duba ido saboda yanar ido da hawan jinin ido, an duba ƙoda da fitsari saboda zaiba, an yi gwajin ciwon hanta da ƙanjamau saboda sirinjin nan, aka maimaita bayan wata uku. Waɗannan sun fito lafiya, alhamdu lillahi. Fatar ce ta ba ni wuya. Wata uku na farko fuskata kamar an watsa barkono, tana saɓa tana ƙaiƙayi, na yi baƙin da ban taɓa yi ba. Likitar fata ta hana ni komai sai sabulu marar ƙarfi, basilin, da man kare rana mai lamba 30 zuwa sama, ta ba ni maganin makero na sha. A hankali launina ya dawo. Abu biyu ne ba su tafi ba: nankarwar, da wani baƙi mai shuɗi-shuɗi a kan ƙashin kumatuna biyu, mai ɗigo-ɗigo kamar an barbaɗa gawayi. Wannan aikin hydroquinone ne in an daɗe ana shafawa ana shiga rana, kuma ya zauna ne a can ƙasan fata inda mai ba ya kaiwa. Mata da yawa in sun gan shi sai su ƙara ƙarfin haɗin don ya goge, shi kuwa ƙara yaɗuwa yake.

Ranar da na gaya wa Inna komai, ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce, "Ni na kai ki da ƙafata." Na ce Inna ke ma faɗa miki aka yi. Maigidana ya yi fushin ɓoyewar, ya yi kwanaki ba ya sakar min fuska, amma shi ya riƙa kai ni asibiti a kan babur duk ranar da aka ba ni. Dangin nasa da suka gan ni na rame na koma baƙa, wasu suka fara raɗe-raɗin ko wata muguwar cuta ce. Na ji zafin wannan ƙwarai. Lokacin da nake da ciwo ana yaba ni, da na fara warkewa aka fara zargina.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya ce kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna amfani da man ƙara haske, a 2023 kuma NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. Ni abin da ya fi damuna lambobin da ke wayata ne, mata talatin da ɗaya da na sayar wa haɗin nan da hannuna, biyu daga ciki har 'ya'yansu ƙanana suke shafa wa, alhali fatar yaro ta fi ta babba zuƙa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na faɗa musu abin da ke cikin robar, na nemi su yafe min. Wasu sun yi kuka, wasu sun ce hassada ce don na daina samu, wata ta toshe lambata. Tara sun je asibiti.

Makon jiya wadda ta toshe ni ta kira da wata lambar, wajen sha ɗayan dare. Muryarta na rawa, ta ce ƙafafunta sun kumbura, ba ta iya hawa matakala, kuma yanzun nan za ta zubar da ƙwayoyin gaba ɗaya. Na ce, "Don Allah kada ki zubar. Ki sha na daren nan yadda kika saba. Ki samu leda ki zuba komai a ciki, ƙwayoyin da kwalinsu in akwai, robar man, sabulun, har kwalbar allurar in kina da ita. Gobe kada ki karya, za su auna suga. In likita ya tambaya ki faɗi wata nawa da ƙwaya nawa, kada ki rage ko ɗaya." Ta ce tana jin kunyar mijinta ya sani. Na ce ta bari mu ga likita tukuna, maganar miji za mu san yadda za a ɓullo mata.

Ƙarfe bakwai da rabi na same ta a ƙofar asibitin, ta ja niƙabi ta rufe fuska, baƙar leda a hannunta. Na karɓi ledar, muka shiga layin yankar kati.